Tallar littafi a intanet ga marubucin da ba ya son hayaniya

Akwai marubuta a Bauchi da Gombe da za su zauna bayan isha'i su rubuta shafi ashirin ba su ɗaga kai ba, amma da an ce su fito su ce wa jama'a "ga littafina, ku saya", sai jikinsu ya yi sanyi. Littafin ya kwanta a waya shekara guda, ko kwalin da aka ɗauko daga maɗaba'a ya zauna ƙarƙashin gado yana shan ƙura. A ƙasar da aka tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, yabon aikin hannunka da bakinka abu ne mai nauyi, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji nauyin. Sai dai a rashin kira karen bebe ya ɓata.

Abin da ke gajiyar da mutum mai shiru-shiru a harkar nan ba ɗora rubutu ba ne, rubutu ai sana'arsa ce. Hirar da ba ta da lokaci ita ce masifar: sallama arba'in a rana, "nawa ne" sau talatin, kiran waya ƙarfe goma sha ɗayan dare. Saboda haka duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan rubutu ya yi maka talla, waya ta amsa tambayoyin da ake maimaitawa, kai kuma ka leƙo a lokacin da ka yanka wa kanka. Ba sai ka nuna fuska ba, ba sai ka yi bidiyon kai tsaye ba.

Suna da layi

Zaɓi suna ɗaya, na yanka ko na alƙalami, ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina: bangon littafi, Facebook, WhatsApp. Kada ka yi masa ado da haruffan nan masu lanƙwasa da furanni, domin in mai karatu ya rubuta sunan a wurin bincike da haruffan yau da kullum, sau da yawa ba zai same ka ba. Hoton shafi kuwa bangon littafi ya wadatar. Bayanin kai layi uku ne: irin abin da kake rubutawa, garin da kake in kana so, da hanyar samun littafi.

Sayi layi na daban don harkar littafi, ka sa masa WhatsApp Business, wato WhatsApp ɗin 'yan kasuwa. Yana zama a waya ɗaya da WhatsApp ɗinka na gida, muddin lambobin sun bambanta. Ka riƙa sa wa layin kati kana kira da shi jefi-jefi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, masu karatunka su tafi da shi. A ranar farko ka kunna makullin mataki biyu na WhatsApp, wato lambar sirri mai alƙaluma 6 da kai za ka zaɓa. Duk wanda ya kira ya ce ana shirya taron marubuta ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo maka, ɓarawo ne. Da lambar zai ƙwace asusun ya shiga roƙon kuɗi da sunanka.

Sa Gboard, manhajar madannan rubutu ta waya, ka ƙara masa Hausa, ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Marubucin da tallarsa ba ta bambanta "ƙafa" da "kafa" ba, mai karatun kirki zai yi shakkar abin da ke cikin littafin.

Inda ake ganinka da inda ake saya

Facebook ne ke kai rubutunka gaban wanda bai san ka ba. WhatsApp kuwa sai wanda ya riga ya riƙe lambarka ko ya bi tasharka (channel), amma a nan ake ciniki. Waɗannan biyu sun isa shekarar farko. TikTok da Instagram da sauransu su jira. Wanda ya buɗe shafi biyar a mako ɗaya, a wata na biyu zai bar su duka kango.

Asusun Facebook na kanka abokai 5,000 kawai yake ɗauka, kuma cike yake da dangi da abokan makaranta, waɗanda su ne ka fi jin kunyarsu. Buɗe shafi na daban da sunan alƙalaminka. Babbar fa'idarsa ita ce manhajar Meta Business Suite, wadda ke ba ka damar rubuta abu yau ka sa masa rana da sa'ar da zai fita da kansa. Zauna sau ɗaya a mako, a ce Lahadi bayan la'asar, ka shirya guda uku: Litinin, Laraba, Juma'a. Fara da sa su tsakanin ƙarfe 8:30 da 10 na dare, lokacin da aka gama hidimar gida aka ɗauki waya, ka gwada wata guda, sannan ka duba alƙaluman shafin ka ga ko mutanenka na safe ne. Uku a mako da ba ka fashi ya fi goma a mako ɗaya sannan shiru wata biyu. A azumi hankalin masu karatu kan koma ibada, marubutan labaran soyayya da yawa ma sukan dakata. Kada ka sa fitowar littafi a watan.

Me za a ɗora? A nan ne yawanci ake tuntuɓe, don haka bari a daɗe a kai.

Na farko, tsakure daga littafin, kalma 150 zuwa 300. Facebook layin farko biyu ko uku yake nunawa ya naɗe sauran, saboda haka kada ka ɓata su a kan doguwar sallama da godiya ga masoya. Shiga labari kai tsaye. Dubi bambancin waɗannan biyu. Wani ya rubuta: "Ina masoyana, ga wani sabon littafi mai ɗauke da darasi, faɗakarwa, nishaɗantarwa da zazzafar soyayya, kada ku bari a ba ku labari." Wannan kowa ya faɗa, ido ya saba tsallake shi. Wani kuma ya fara da: "Ranar da aka kai lefenta ne ta ga sunan yayarta a jikin rasit ɗin akwatunan." Ba yabo a ciki ko ɗaya, amma wanda ya karanta zai danna ya ga sauran. Yanke tsakuren a inda rai ke son ci gaba, ka rufe da layi ɗaya: sunan littafi, kuɗinsa, da mahaɗin WhatsApp. Mahaɗin kana iya haɗa shi da kanka: wa.me/234 sai lambarka ba tare da sifirin farko ba. Mai so ya danna, sai ga shi a akwatin saƙonka.

Na biyu, abin da ka sani saboda rubutun. Idan labarin ya ratsa Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ko jarumarka a Jekadafari ta tashi, ɗauki hoton wurin da safe kafin a cika, ka rubuta sakin layi biyu a kan abin da idonka ya gani. Kalmar Bausanci ko Guddiranci da ka sa a bakin wata tsohuwa, wadda Bakano zai tsaya ya tambayi ma'anarta, ita kaɗai ta isa rubutun rana guda. Yawancin labaran da ke yawo a waya a Kano da Kaduna da Abuja ake kafa su, ko a wata ƙasar da marubucin bai taɓa takawa ba. Wanda ya rubuta Azare ko Kumo ko Bajoga yadda suke yana da abin da sauran ba su da shi, kuma mai shiru-shiru ya fi kowa lura da irin waɗannan ƙananan abubuwa, don shi yana kallo ne lokacin da wasu ke surutu.

Na uku, tambaya a kan hukuncin da wani a labarin ya yanke: ta yi daidai da ta ɓoye wa mahaifiyarta? Masu karatu za su yi ta muhawara da junansu, kai kana gefe. Amsa biyar ko shida daga ciki ya isa.

Tallar tsiraici, wato "ku saya" zalla, kada ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar. Amma ranar da za ka yi ta, ka faɗi kuɗin a fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Mai so ya yi magana ta sirri" yana jawo maka ainihin hirar da kake gudu.

Zaure, tasha, da sitatus

Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, kowa na ganin lambar kowa, kuma in ba ka rufe shi ba kafin mako ya zagayo ya koma wurin tallar atamfa da rigima. In za ka buɗe, saita shi masu kula kaɗai ke iya turo saƙo, ka riƙa buɗe shi awa ɗaya bayan kowane sabon babi, sannan ka nemi mai karatu ɗaya mai haƙuri da son hira ya riƙe maka shi, ladansa littafi kyauta. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ta fi dacewa da halinka: kai ke ɗorawa, mabiya ba sa ganin lambar juna, ba su da bakin mayar da magana sai alamar so ko mamaki. Sitatus awa 24 yake yi, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ke gani. Saƙon bai-ɗaya (broadcast) kuwa mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Shi ya sa duk wanda ya saya za ka ce masa ya adana ta.

Mabiyan tasha da na Facebook ba naka ba ne, na masu manhajar ne. Lokacin da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, marubutan da ba su da wata hanyar isa ga masu sayensu sai ta nan sun koma farawa daga tushe. Don haka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ka ja layi biyar: suna, gari, lamba, littafin da aka saya, kwanan wata. Mutum ɗari biyu da suka taɓa cire kuɗi suka ba ka sun fi mabiya dubu goma da ba su taɓa ba. Lambobin nan amana ne, kada ka ba wani mai talla, kada ka jefa mutum zaure ba da izininsa ba.

Bar waya ta yi maganar

A cikin kayan aikin WhatsApp Business akwai saƙon maraba, saƙon ba-na-kusa, amsoshin gaggawa, da kundin haja inda za ka jera bangon kowane littafi da kuɗinsa. Saƙon maraba ya zama kamar haka:

"Wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Littafin shafi 180 ne, kuɗinsa N1,000. A tura ta wannan asusun, a turo shaidar biya nan. Ina duba saƙo sau biyu a rana, ƙarfe 2 na rana da ƙarfe 9 na dare, kuma a lokacin nake tura littafi. Ba a kira, sai saƙo. Na gode."

Sauya alƙaluman da naka. Abin lura shi ne an faɗi lokaci, kuma dole ka cika shi. Wanda ya san ƙarfe 9 zai samu ba zai dame ka ƙarfe 5 ba. Amsoshin gaggawa kuwa ka rubuta su sau ɗaya, in ka danna alamar / su fito ka zaɓa: na lambar asusu, na godiya, na "ba a kammala na biyu ba tukuna". Rabin awa sau biyu a rana ya isa, sauran lokaci ka kashe sanarwar manhajar.

Ke kuma 'yar'uwa, za a samu masu shigowa da "ina son mu san juna". Tanadi amsa ɗaya: "Wannan layin na littafi ne kawai." Wanda ya maimaita, ki toshe shi ba tare da bayani ba. Idan kina da aure, ki sanar da maigida tsarin tun kafin a fara, har da lokutan da kike duba saƙo.

Shafukan kyauta, kuɗi, da inda ake cutuwa

Al'adar kasuwar ita ce a saki farkon littafi kyauta, sauran a biya. Kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu ya isa mutum ya san ko zai saya. Tun a shafin farko ka rubuta cewa littafin na kuɗi ne da nawa ne; wanda aka ja shi babi goma sha biyar sannan aka ce ya biya yana jin an yi masa wayo, kuma zai faɗa a bainar jama'a. Kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka gama rubutawa, ko aƙalla kashi uku cikin huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rashin lafiya, rashin wuta, lalacewar waya, kowanne na iya tsayar da kai, kuma babu abin da ke karya mai gudun magana kamar mutum ɗari da suka biya suna tambayar ci gaba kullum.

Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna kafin ka tura. Ka tuna kuma duk mai tura kuɗi zai ga cikakken sunan da ke kan asusun. Idan ɓoye sunanka na da muhimmanci, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka buɗe asusu da shi. Masu karatu na Nijar suna da yawa kuma suna saya, sai dai tura naira na yi musu wuya. Sukan yi amfani da kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana, don haka kana buƙatar amintaccen mutum a can da zai karɓa ku riƙa lissafi duk wata. Shafin sayar da kaya a intanet na Selar kuwa na karɓar kuɗi ya miƙa wa mai saye littafin da kansa ko kana barci, yana cire kasonsa. ArewaBooks kuma manhajar littattafan Hausa ce, a cikinta ake karantawa. Kafin ka ɗora a kowanne, karanta sharuɗɗansu: nawa suke cira, yaushe suke biya, kuma ko sun hana ka sayarwa a wani wuri. Ka bar hanyar tura kuɗi ta banki a buɗe, don da yawa ita suka sani.

Satar littafi za a yi, babu makawa. PDF ɗin da ka tura wa mutum ɗaya na iya kwana a zaure goma. Ana rage ta ne kawai. Rubuta sunan mai saye da lambobi huɗun ƙarshe na wayarsa a ƙasan shafuka kafin ka mayar da shi PDF. Minti biyu ne a manhajar rubutu ta WPS Office, kuma mutum na jin nauyin yaɗa abin da ke ɗauke da sunansa. Sa sunanka da lambarka a farko da tsakiya da ƙarshe, yadda ko an sata kwafin zai nuna hanyar gidanka. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, littafi naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ƙarin hujja ce. Ajiye kwafi a Google Drive, ka kuma tura wa kanka ta imel saboda kwanan wata. Idan wani ya karanta littafinka a YouTube ko ya ɗora a Facebook ba izini, ba sai ka yi cacar baki ba, dukansu suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka. In kuma mai tashar YouTube ya nemi izini, a rubuta: wane littafi, nawa, na tsawon wane lokaci, kuma sunanka ya fito a kanun kowane bidiyo.

In za a buga a takarda

Lambar ISBN mai alƙaluma 13, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi 3 bayan bugawa. Kada ka buga dubu don an ce ya fi araha. Buɗe rajistar masu so na mako uku, su biya rabi, ka buga adadinsu da ƙarin kaɗan. A lissafin farashi ka sa kuɗin tacewa, bango, bugu, leda, kuɗin zuwa tasha, da kason mai shago. Nemi kwafin gwaji ɗaya ka duba ko ƙ da ɗ ba su koma akwatuna ba, hakan na faruwa in kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin haruffanka. PDF za ka kai musu.

Aike rana ɗaya a mako. Naɗe kowane littafi a leda saboda damina, rubuta suna da lamba da babban alƙalami, ka kai tashar Yankari Express ko Gombe Line ko motocin haya, ka ɗauki hoton lambar motar, ka karɓi lambar direba ka tura wa mai saye. A faɗa tun farko wa zai biya kuɗin mota.

Bakin wasu

Mako biyu kafin fitowa, ba mutum biyar zuwa goma littafin su karanta, waɗanda za su iya ce maka babi na bakwai ya yi ja. Abin da suka rubuto, nemi izini ka ɗora, ka goge lambarsu daga hoton. Kada ka ƙirƙiri yabo, ana ganewa. Nemi marubuci ɗaya da kuke rubuta abu mai kama da juna ku yi musaya, ka gabatar da nasa ya gabatar da naka. Yabon aikin wani ya fi sauƙi a bakin mai kunya. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, tana da rassa a jihohi, zuwa zama ɗaya a wata uku ma yana haɗa ka da mai tacewa da mai zanen bango. Gidajen rediyo irin su Globe FM a Bauchi da Progress a Gombe, aika musu kwafi da gajeriyar wasiƙa. In sun gayyace ka, roƙi a naɗi hirar maimakon kai tsaye, a kuma ba ka tambayoyin tun da wuri. Mata kuma ga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, wadda labari kawai ake turawa.

Suka za ta zo. Wadda ta nuna kuskure na gaskiya, ka gode a layi ɗaya ka gyara a bugu na gaba. Zagi kuwa ɓoye shi ko ka goge, kuma duk abin da ya ɓata maka rai kada ka amsa shi a daren.

Bayan wata uku, buɗe littafin lissafinka ka ƙirga waɗanda suka saya, ba waɗanda suka danna alamar so ba. Ƙara tambaya ɗaya a saƙon godiya: "A ina aka ga tallar?" Idan bakwai cikin goma suka ce sitatus ɗin wata ƙawa, to ka riƙa haɗa ƙaramin hoton bango da layi biyu na labari wanda zai yi daɗin turawa, ka ba kowane mai saye tare da littafinsa. Idan Facebook ne, duba wane tsakure ya kawo su, ka yanko na mako mai zuwa daga irin wannan wurin.